Ƙafafun Mwajabu

Shomari ya zaɓi asibitin Tanga ne saboda nisansa. A Lushoto kowa ya san shi, mata har ƙasa suke gaishe shi, ba zai yarda a faɗa masa wannan magana a gaban 'yan garinsu ba.

Maganar kuwa tuni ta gama unguwa. 'Yarsa Mwajabu, budurwa ba aure, ƙafafunta sun kumbura, ciki ya tasa, tulu ɗaya za ta ɗauko sai ka gan ta tsaye a kan hawa tana haki. Barci ma a zaune take yi. Ya tsare ta da tambaya, ya mare ta, ta rantse ba namijin da ya taɓa ta. Bai yarda ba.

A layin ganin likita wani yaro na ta tari. Idon Shomari ya bi wuyan yaron, sai ya yi maza ya kau da kai.

Likitar mace ce, 'yar gajeruwa, ba ta ɓoye-ɓoye. Ta ɗora abin saurare a ƙirjin Mwajabu, ta daɗe tana sauraro. Da ta jawo na'urar hoto ma, a ƙirjin ta ɗora, ko kallon marar ba ta yi ba.

"Baba, wa ya ce maka ciki ne? Zuciya ce."

Ya sauke ajiyar zuciya, sai kuma kunya ta rufe shi. Ya kasa kallon kuncin da ya mara.

"A cikin zuciya akwai 'yan ƙofofi masu buɗewa su rufe," in ji likita. "Nata ɗaya ta ƙanƙance, jini na komawa baya, shi ne ruwan da ya taru a jiki. Sai an yi mata aiki. Tana ƙarama ta sha ciwon maƙogwaro? Da zazzaɓi, da ciwon gaɓoɓi?"

"Ta sha," ya ce a hankali. "Amma ya warke."

Likita ta haska bakin Mwajabu, ta ja tsaki.

"Na sani! An yanke mata belu. Ciwon da allura guda za ta kashe, sai a kai yaro wurin mai aska, a yanke, a ce ya warke, cutar kuwa ta gangara tana cin zuciya. Kullum sai na ga irinta. Ke, wane marar imani ne ya yi miki wannan?"

Mwajabu ta sunkuyar da kai tana wasa da bakin mayafinta.

"Ban san shi ba, likita. Ina ƙarama."

Suka hau mota suka koma Lushoto. Shomari ne ya ɗauki jakarta, ya riƙe mata hannu a kan hawa, yana tsayawa duk inda ta tsaya.

A ƙofar gidansa mata uku na zaune a benci, kowacce da yaro a cinya, an naɗe masa wuya da tsumma. Suna hango shi suka miƙe da murna.

"Alhamdu lillahi, ga Baba ya dawo! Baba, tun safe muke jiranka, belun yaran nan za ka yanke mana."