Mai Zubar da Ƙasar Rijiya

Ka ce an kira ka ka taya aiki a asibitin unguwa ba albashi, kana ganin ɓata lokaci ne ga mai iyali. To, Tanimu, bari in ba ka misali. Na ji shi a wani gari can gabas, zamanin ina yawon neman karatu. Sunan garin ya kwanta mini, amma na tuna da kukoki biyu a bakin kasuwarsa.

Wani manomi ne, magidanci mai 'ya'ya huɗu, ko biyar. Kwazazzabo ya yi ta cin gonarsa damina bayan damina, har abin da ya rage bai isa ya kai gidansa kaka ba. Da rani ya shigo tsaransa suka ɗaure kaya suka tafi ci-rani, shi kuwa mahaifiyarsa na kwance, ba halin tafiya. A ranin nan mutanen gari suka kira gayyar haƙa rijiya, aka ɗauko wani tsohon mahaƙi ya ja ragamar aikin. Manomin ya je. Bai iya shiga rami ba, bai san kan diga a ƙunci ba, sai aka ba shi aikin da kowa ke gudu: karɓar kwandon ƙasa a bakin rijiya ya je ya zubar. Ladansa ludayin fura da "sannu da aiki". Tsohon nan kuwa yana da wata ɗabi'a da ta ishi mutane. Ba ya yarda a zubar da kwando sai an kawo gabansa ya ɗebi ƙasar, ya dunƙula, ya shinshina, sannan ya nuna inda za a zuba: jar ƙasa tsibinta daban, marmara daban, yumɓu daban, rairayi daban. Wasu suka yi kwana biyu suka gaji da tsirfarsa. Manomin ya zauna. Tsohon bai taɓa cewa zo in koya maka ba, shi ma bai roƙa ba. Sai dai kwando dubu ya ratsa hannunsa, kuma duk lokacin da tsohon ya ɓata fuska, manomin yakan sa hannu ya taɓa ƙasar da ta sa shi ɓata fuskar. Aka gama wannan rijiya, aka kira gayya a ƙauyen gaba, ya bi. Rani na biyu ma haka. Surukinsa har yakan ce masa a bainar jama'a: "Sarkin kwando, yau ƙasar wa za a kai wa aure?" Shi dai ya yi murmushi ya wuce.

A rani na uku, ina jin na uku ne, ana haƙa wata rijiya da ta kai gaba goma sha biyu, zazzaɓi ya kwantar da tsohon. Masu gari suka ce a ci gaba, ai ruwa ya kusa. Wajen hantsi kwando ya fito da ƙasa mai laima, mutane suka hau murna. Manomin ya ɗeba ya dunƙula, ya buɗe hannu, ta warwatse. Ya sake dunƙulawa, ta sake warwatsewa. Sau biyu ya taɓa ganin irinta, kuma duka biyun tsohon tsayar da aiki ya yi. Manomin ya leƙa ramin ya ce wa mai haƙa ya ajiye diga ya kama igiya. Mai unguwa ya ce, "Kai da aka sa zubar da ƙasa, yaushe ka zama mai ba da umarni?" Ya ce, "Ranka ya daɗe, a fito da shi tukuna, in ya so a zage ni." Aka jawo mutumin yana ta mita an katse masa aiki. Bai gama kakkaɓe jikinsa ba gefen rijiyar ya zabtare daga ƙasa, ya binne diga da kwandon da ya bari. Da aka kai wa tsohon labari, ba a ji ya yabi kowa ba. Cewa kawai ya yi daga ranar a riƙa kai wa manomin kwando, shi idonsa ya soma gajiya. Kafin shekara biyu, duk mai son rijiya a yankin nan ƙofar manomin yake sallama, da haƙa ya ciyar da gidansa har ya sayi wata gonar a tudu.

Ya je ne don garinsa ya sha ruwa, bai je neman sana'a ba, sana'ar ce ta manne masa a hannu yana tsaka da zubar da ƙasa. Saboda haka, Tanimu, je ka asibitin nan, ko kati aka ce ka riƙa miƙa wa marasa lafiya, ka miƙa idonka a buɗe. Hausawa sun ce: alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza.