Bencin Masu Ciki

Ranar da aka sallami Malama daga asibiti, likita ya yi mata bayani dalla-dalla. Cutar kansa ce ta kama halittar nan ta gaban maƙogwaro, sun cire rabin da ya kamu, sun bar mata rabi.

"Ki riƙa zuwa sikanin, wato hoton wuya, duk wata shida," in ji shi. "In za ta dawo, mu riga ta."

Ta je na farko. Sai dai ɗakin sikanin ɗaya ne a asibitin, bencin jira ma ɗaya, kuma masu ciki ne suka cika shi. Malama kuwa ta haura hamsin, shekara huɗu da rasuwar mijinta. Tana zaune ta rufe tabon aikin da gyale, sai ga uwar wata ɗalibarta.

"A'a, Malama, ashe ƙani za a yi wa auta?"

Wasa take yi, amma benci ya kwashe da dariya. Malama ta yi yaƙe, kamar ƙasa ta tsage ta shige. Kafin mako maganar ta isa ofishin malamai, kun san mutane, har an ƙara mata gishiri.

Da wata shida ya cika, 'yarta ta tuna mata. "Mama, gobe ne fa hoton wuyan."

"Ni da bencin nan har abada. Abin da aka cire ai an cire, lafiyata lau."

Shekara biyu katin asibiti na kwance a ƙasan jaka. Da muryarta ta fara dishewa, ta ce ƙurar alli ce, ta kama shan zuma da ruwan ɗumi. Sai da haɗiyar abinci ta gagara 'yar ta ja ta asibiti.

Likita ya goga na'urar a wuyanta, ya daɗe yana kallon allon.

"Cutar ta dawo. Da mun gan ta tun tana ƙarama, da aikin bai kai haka ba. Yanzu ta taɓa jijiyar murya."

An sake yi mata aiki, Allah ya sa da sauran kwana. Amma murya ta tafi, sai raɗa. Shekara talatin tana koyarwa, ranar da za ta bar aji a allo ta rubuta wa yara sallama, domin ko na layin gaba ba sa jin ta. Duk wanda ya gani sai da ya tausaya mata.

Jama'a, tiyata ba ita ce ƙarshen jinya ba. Ranar da likita ya sa muku, ku je, kada kunya ta hana ku. Mu kuma mu iya bakinmu a layin asibiti, ba mu san abin da ya kawo kowa ba.