Sauron Gwamnati

Shekara bakwai ke nan da haramta kashe sauro, domin masu bincike sun ce irin da suka saki ba ya cizo.

Da hantsi Inna Tabawa ta shiga ofishin lafiya goye da jikarta, jikin yarinyar zafi zau. Ta buɗe kwalin ashana a gaban jami'in. Sauro uku ne a ciki, a murƙushe.

"Inna, kin san hukuncin wannan kuwa? Zazzaɓin cizon sauro ya ƙare a ƙasar nan."

"To, jinin wa ke cikinsu?" Ta ja kujera ta zauna daram. "Kira masu kamun, ɗan nan. Amma sai ka auna min yarinyata tukuna."

Jami'in ya dubi kwalin. Hannunsa na can yana sosa wuyansa.