Motar da Inna Ta Ƙi Shiga

Halidu ya kara kunnensa a jikin injin, ya lumshe ido kamar mai sauraren karatu, sannan ya ɗago ya ce, "Wallahi, Yakuba, wannan ba a taɓa wahal da ita ba. Wanda ya riƙe ta bai san gudu ba."

A farfajiyar wani kamfanin sayar da motoci suke, bayan Babbar Kasuwar Yamai, shekara biyu da samun mulkin kai. Turawa na ta tattara komatsansu, motocin da aka bari kuwa sai a wanke, a shafe, a jera wa sababbin ma'aikata. Halidu da Kabiru abokan aikin Yakuba ne a biro, wato ofis, ɗaya daga Tawa, ɗaya daga Maraɗi, bara suka zo birnin. Ko keke babu mai shi a cikinsu, amma in ana musun mota sai dai a ba su wuri. Kabiru ɗan gani-kashe-nin motar Sitrowen ne, Halidu kuwa in ka kushe Fijo kamar gidansu ka zaga. Ran nan kaɗai aka ga bakinsu ya zo ɗaya.

Doguwar Fijo ce mai ƙofa a baya, shuɗin fentinta ko gama bushewa bai yi ba. Dillalin ya ce a hannun wani likita take, iyakarta cikin gari. Kujerun baya sababbi fil, ba su ma yi kama da na gaba ba. Kabiru ya zura kai ciki ya shinshina, ya ce Turawa akwai tsabta, har kafur suke sa wa mota.

Yakuba ba don burga ya saye ta ba. Ciwon ƙirji ya sa mahaifiyarsa, Inna Hamsatu, a gaba. Likita ya ce a riƙa kawo ta kowane mako, ga shi ƙafarta ba ta kai ta daga unguwar Kalley zuwa asibiti. Yana karatu a Dakar mahaifinsa ya rasu, bai yi jinyarsa ba, bai sallaci gawarsa ba, abin nan kuwa har yau yana cin sa. Ya ƙudura ba za a yi masa biyu ba.

Da ya shigo layinsu da ita, dattawan da ke ƙofar masallaci suka katse hira, suka miƙe tsaye. Ya danna musu oda yana murmushi, a ransa yana cewa lallai mota girma ce. Mai ƙosai ta janye ɗiyarta cikin gida. Inna ta dafa bango ta fito zaure, ta daɗe tana kallon wata 'yar loɓawa a ƙofar baya, wadda fenti bai ɓoye ba. Ta dubi fuskar ɗanta, ta gan shi baki har kunne don murna. Ta ce, "Allah ya sa alheri," ta koma ciki. Ran nan ba ta ci tuwo ba.

Daga nan kuma fa Inna sai uzuri. Yau warin fetur na sa ta jiri, gobe ta ji sauƙi. Ya ce to bari ya ɗauko taksi, ta ce mai mota a ƙofar gida ya yi haya, me mutane za su ce? Tari kuwa kullum ƙaruwa yake, zanenta har ya fara yi mata yawa.

Ya kai ƙara wurin masana. Kabiru ya ce ai dama ya faɗa, bai faɗa ɗin ba kuwa, Fijo tauri gare ta, da Sitrowen ce da tsohuwa ta shiga ta yi barci. Halidu ya ce ƙarya ne, kamfanin ne ya sa kujerun banza. Suka yi ta yi har shayi ya huce. Limamin layin ya tare shi a hanya, ya yi ta kame-kame, daga ƙarshe ya ce, "Ɗana, da ka mayar musu da ita." Yakuba ya ƙudurce hassada ce, ya wuce.

Tsoro ya cika shi, tsoron ya koma fushi. Wata rana har ya ɗaga mata murya, abin da bai taɓa yi ba, ya ce so take ta mutu ta bar shi da baƙin ciki kamar na farko. Ya fita ya zauna cikin motar ya yi kuka.

Bayan sallar asubar wata Alhamis, ita da kanta ta kira shi. Ɗan fari ne, ba ta kama sunansa. "Ɗan Dakar," ta ce, muryarta da ƙyar take fita, "yau kam kai ni. Amma cire kujerun nan, ba ni iya zama."

Cike da murna ya kwance su. A ƙarƙashi ya tarar da wasu dogayen ƙarafa biyu sun miƙe har bakin ƙofar baya, dandamalin kuma baƙin fenti ne. Bai tsaya tunani ba, ya shimfiɗa tabarma da bargo, ya ɗauko ta, ba nauyin komai. Ta juya da kanta ta kwanta a kan hannun dama, ta shafa ƙarfen da tafinta. Dattawa suka sake miƙewa, wannan karon har da salati.

Wajen Ƙaramar Kasuwa ya ji numfashinta na sarƙewa, ya taka mai.

"A hankali," ta ce. "Ba ta saba gudu ba."

"Inna, ina kika san ta?"

Ya waiwayo. Sannan ta ce, "Launi kawai suka sake mata, ɗana. A nan inda nake aka kwantar da babanka, ranar da ta kawo mana gawarsa daga asibiti."