Mai Ihun Cikin Kaset

Baturen ya iso Unguwar Dabo da hantsi, lokacin gero ya fara ido. Baƙaƙen kaya ne a jikinsa tun daga wuya har ƙafa, gashinsa har gadon baya, cikin zafin da ko ƙadangare ya nemi inuwa. Mutane suka ɗauka ta'aziyya ya zo, sai aka kai shi gidan marigayi Malam Kassimu ladan. Ashe kuwa nan ɗin yake nema.

Dallatu, ƙanen marigayin, shi ya shimfiɗa masa tabarma. Shekarar ta yi tsauri, kwanon gero ya gagari mai albashi balle manomi, don haka ruwan randa kaɗai aka kawo wa baƙon. Sunansa Torlaif, daga ƙasar Norwe. Tare yake da tafinta daga Kano, wata malamar jami'a mai suna Maijidda.

Kowa a garin ya san Kassimu ya yi karatun noman rani a Norwe shekaru talatin da suka wuce. Ya dawo ya kama gona kusa da dam ɗin Bagwai, ya riƙe kiran salla har Allah ya karɓi ransa bara. Bai taɓa ba da labarin ƙasar ba, in ban da cewa akwai sanyi.

Maijidda ta yi bayani. A can, in ji ta, wasu samari sun ƙirƙiro wani kiɗa da ake kira bilak metal, wato baƙin ƙarfe. Sukan shafe fuska da fari da baƙi su koma kamar gawa. Da gangan suke naɗar waƙa da lalatacciyar rakoda don sautin ya yi muni, sannan su aika wa juna kaset ta gidan waya. Wasunsu Shaiɗan suke wa waƙa, wasu har coci suka ƙona. Yanzu kiɗan ya cika duniya, ana taron dubban mutane a kansa, ana rubuta littattafai.

"To, Allah ya kyauta," in ji Dallatu. "Mu ina ruwanmu?"

Torlaif ya ce Kassimu ya yi haya gida ɗaya da uku daga cikin samarin nan. Sun fitar da kaset guda tak, suka watse. Har yau masana na cewa ba a taɓa jin murya mai ban tsoro irin ta ciki ba, kuma babu wanda ya gane harshen da aka yi waƙar da shi. A bangon kaset ɗin an rubuta cewa Kassimu ne ya kawo muryar.

Torlaif ya kunna waƙar a wayarsa. Da farko wata ƙara ta taso kamar injin niƙa ya haɗiye dutse. Sai wani ƙarfe ya riƙa kacau-kacau, wanda Baturen ya ce sarƙoƙin wuta ne. Sannan ihun ya zo, dogo, mai kaushi, kamar ana yanka raƙumi da wuƙar da ba ta ci. Awakin da ke ɗaure a ƙofar gida suka tsinke igiya.

Liman, Malam Nababa, yana cikin waɗanda suka taru. Ya saurara har ƙarshe, ya karkaɗe rigarsa.

"Dallatu, islamiyyar da za mu sa wa sunan yayanka, a dakata tukuna."

Kafin azahar magana ta zaga gari. Waɗanda suka shekara ashirin suna tashi da kiran sallar Kassimu suka ce dama sun sha jin wani abu-abu a muryarsa.

Dallatu ya shiga ɗakin marigayin ya zauna. Ya tuna yadda suke aika wa Kassimu kaset na gaisuwa lokacin yana Norwe, a ɗauki rakoda a bi kowa inda yake, gida ko gona, ya faɗi abin da zai faɗa. Ya tuna amsoshin da ke dawowa, duk nasiha da tambayar lafiyar shanu. Ya kasa haɗa wannan mutumin da wancan ihun. Ya gode Allah da tsohuwarsu, Inna Hure, ba ta gida, kuma kunnenta ya yi nauyi. Ya gargaɗi matan gidan kada wadda ta gaya mata.

Ya fito ya ce wa Maijidda, "Malama, ki ce masa yayana bai taɓa ɗaga murya ba sai a kan hasumiya."

Torlaif ya girgiza kai cikin ladabi. Ya ce shi girmamawa ta kawo shi, yana so ya ga kabarin gwanin. Dallatu ya ga gara a kai shi ya tafi, tun kafin ya sake kunna abin.

Hanyar maƙabarta ta bi ta gefen gonarsu. A shekara irin wannan ba mai barin gero ba gadi, kowace gona an zagaye ta da igiya an rataye gwangwanaye. Suna cikin tafiya sai garken tsuntsayen jan-baki ya taso daga wajen dam kamar hadari, ya sauka a kan zangarniya.

Gwangwanaye suka ɗauki kacau-kacau. Sannan ihu ya tashi daga tsakiyar gonar, dogo, mai kaushi, tsuntsayen suka watse har da na gonar maƙwabta.

Torlaif ya tsaya cak. Wayar ta faɗi daga hannunsa. A hankali ya durƙusa a kan kunyar gona, idanunsa suka kawo ruwa.

Gero ya dare, Inna Hure ta fito da igiyar gwangwanaye a hannu, ta dubi Baturen, ta dubi ɗanta, ta ce, "Dallatu, wannan baƙon an ba shi abinci kuwa?"