Zanen da Baba Ya Ajiye Tare da Iƙamarsa

Ina aji huɗu aka kawo baje kolin zanen jaruman Japan wani babban kanti a unguwar Safa, ainihin takardun da masu zanen suka yi da hannunsu. Bayan la'asar Baba ya rufe shagon ɗinkinsa na Bab Makka, ya ce, "Yalla, mu je ka ga 'yan'uwanka masu zane."

A jakar iƙamarsa, wato katin izinin zamansa na baƙo, akwai wani zane nawa, jarumi mai ƙahon ƙarfe ya ɗaga dunƙulallen hannu. Duk wanda ya zo awo sai Baba ya warware ya nuna masa. Ban taɓa gaya masa cewa takarda na ɗora a kan littafin abokina, na kara a gilashin taga na bi layi ba.

Muna shiga sai ga jarumin nan a bango. Ƙahon, hannun, har tsagar kafaɗar, duk iri ɗaya. Na Bajapanen akwai sawun fensir da farin fenti inda ya gyara kuskure. Nawa kuwa fes.

Baba ya zaro nawa, ya dubi wannan, ya dubi wancan. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

"Ka ga nasa duk gyara ne," ya ce a hankali. "Wanda ya fara abu shi ke kuskure."

Ya ninke takardar ya mayar cikin jakar. Da ya rasu a nan muka same ta, kuma har yau na kasa warware ta.