Nonon Salmanu a Tukunyar Sabulu

Atika ba ta taɓa haihuwa ba, amma da jariri a bayanta. Ƙanwarta ce ta rasu jim kaɗan bayan suna, ta bar mata Salmanu da wata jar akuya mai shayarwa. Tudun Wada a lokacin sabuwar unguwa ce ta baƙi, jirgin ƙasa bai daɗe da isowa Zariya ba, kuma Atika ba ta da dangi kusa balle mai shayar mata da yaron. Akuyar nan ita ce uwarsa. Safe da yamma ta tatsa, ta ɗumama, ta ɗura masa da ɗan ludayi.

Sana'ar Atika sabulu ce. Takan ƙona karan dawa ta tace tokar, ta dafa ruwan da man kaɗe, ta yi ta tuƙawa da muciya har ya haɗe, sannan ta dunƙula. Mijinta Gwadabe ke kaiwa tasha ya sayar. Shi kuwa irin mutanen nan ne da ko a sahun salla suka ji ƙarar kwabo sai sun waiga.

Da Atika ta ga sabulun yana yi wa fatar jaririn kaifi, sai ta zuba ɗan ragowar nono a wani ɗan kaso da ta ware masa. Ya fito da laushi, ba zafi ko kaɗan. Gwadabe ya gani, ya saci dunƙule ɗaya ya haɗa da na kasuwa. Matar wani akawun reluwe ta saya, ta yaba, ta gaya wa ƙawayenta. Kafin ka ce me, kowa a tasha sabulun nonon akuya yake tambaya.

Gwadabe ya dawo gida baki har kunne. "Daga yau duk abin da aka tatsa, tukunya za a zuba."

"Malam, nonon fa na Salmanu ne," in ji Atika. "Akuya ɗaya ce, da ƙyar ma take isarsa."

"A dama masa koko mana. Mu da koko ya raina, mutuwa muka yi?"

"Yaron da ko wuyansa bai tsaya ba?"

"Ke dai tuƙa sabulu. Ɗan wani ba zai toshe mini ƙofar arziki ba."

Atika ta fara ɓoye wa yaron nono a ƙoƙo. Da Gwadabe ya gano, sai ya mai da akuyar zaure ya ɗaure kusa da shimfiɗarsa. Ƙaton mutum da gemu, ya tsuguna yana tatse abincin maraya, ya shigo da ƙwarya ya tsaya a kan matarsa har sai ya ga ta juye! Atika tana tuƙi tana hawaye. Tsoro ne ya ɗaure ta, don in ya sake ta ba ta san inda za ta nufa da jariri ba.

Koko ya ƙi zama a cikin yaron. Gudawa ta kama shi, maɗigarsa ta faɗa, kukansa ya koma kamar na ɗan kyanwa. Maƙwabta suna ji ta kan danga, kowa ya ce sha'anin gidan wani ne. Inna Hajo, tsohuwar da ke gidan baya, ita kaɗai ta tare Gwadabe. Ya yi dariya ya ce, "Inna, laulayin yara ne, zai wuce."

Wata safiya Atika ta kasa jurewa. Gwadabe yana shigowa ta fizge ƙwaryar nonon daga hannunsa. "Ka sake ni in ka ga dama, yau sai ya sha!" Ta ɗumama, ta ɗora Salmanu a cinya, ta kai ludayi bakinsa. Nonon ya gangaro ta gefen baki ya jiƙa mata zane. Ƙarfin haɗiya ya riga ya ƙare. Kafin azahar yaron ya cika.

Inna Hajo ce ta zo yi masa wanka. Ta ce a miƙo sabulu. Atika ta duba ɗakin kaf, babu wani sai na nonon akuyar, an jera shi a faifai ana jiran kaiwa tasha. Ta ɗauki ɗaya ta miƙa, ta ɗaga murya yadda Gwadabe da masu yi masa gaisuwa a zaure za su ji.

"Inna, cuɗa shi da kyau. Nononsa ne. An hana shi sha, to ya tafi da shi a jiki."

Gwadabe bai iya ɗaga kai ba.

Jama'a, duk cinikin da sai an ƙwace abincin bakin marar ƙarfi kafin ya yi riba, zalunci ne, ba neman halal ba. Wanda kuma ya ji kukan maraya ta kan danga ya yi shiru, shi ma da hannunsa a ciki.